Yadda ake soya taliyar Sinawa da kaza a gida ba tare da ta caɓe ba

Duk wanda ya taɓa cin soyayyar taliya a gidan abincin Sinawa ya san kamanninta. Kowane sili a ware yake, tana sheƙi amma ba ta yi tsamo-tsamo da mai ba, kabeji na ƙaras-ƙaras a baki, naman kazar kuma da taushi. Sannan ga wani ɗan ƙamshin wuta da ke bin ta, wanda bai kai ƙauri ba. In aka zo gwadawa a gida sai labari ya sha bamban: taliya ta dunƙule, ruwa ya kwanta a gindin kasko, nama ya yi fari fat kamar dafa shi aka yi. Akan ɗora laifin a kan kayan haɗi, a ce ai akwai wani sirrin da Sinawa ke zubawa. Sau tari ba nan gizo ke saƙa ba. Abu biyu ne ke ɓata girkin nan, ruwa da sanyin kasko, kuma kusan duk matakin da zan kawo a ƙasa dabara ce ta korar ɗaya daga cikinsu.

Girkin da muke magana a kai shi ne cau min, na mutanen Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin da kuma Hong Kong. 'Yan ci-rani daga wannan yanki ne suka kai shi Amurka da Ingila, shi ya sa yake cikin girke-girken Sinawa da suka fi yaɗuwa a duniya. Yana da salo iri-iri. A Hong Kong akwai wanda ake soya taliyar ta zama fanke guda mai ƙamas-ƙamas ciki da bai, sannan a kwarara mata miya a kai. Namu shi ne mai laushi, wanda ake juya komai tare a kasko ɗaya. Suyar kanta ba ta wuce minti 7 zuwa 8 ba. Shirin ne ke cin kamar minti 25, kuma a nan aikin yake.

Abin da za ki tanada

Wannan awon na mutum biyu ne masu ci sosai, ko uku in akwai wani abu a gefe. Ki nemi tsokar kaza giram 300, busasshiyar taliya giram 200, kabeji kamar kwatan matsakaicin ƙulli, karas ɗaya, albasa ƙarama rabi, lawashi sili 4, tafarnuwa ƙwaya 3, ɗanyar citta gwargwadon kan babban yatsa, da man gyaɗa babban cokali 3 zuwa 4. Man gyaɗa ba maneji ba ne a nan, shi ne ainihin man da masu girkin Guangdong suka fi so, don yana jure zafi. Man zaitun da bota ki bar su, za su ƙone tun kafin kasko ya kai inda ake so.

Sinawa na zuba tsiron wake, wato ɗanyen tsiron wani ƙaramin koren wake da ake kira mung. In kin samu a manyan kantuna, ki ɗauki cikin hannu biyu. In babu, ki yanka farin ƙashin ganyen kabeji siriri, zai ba ki wannan ƙaras-ƙaras ɗin.

A kan kaza, ki sayi ta gidan gona. Kazar Hausa ta fi daɗi a miya da farfesu, babu musu, amma namanta na buƙatar dogon dahuwa, a minti 3 na suya ba abin da za ki samu sai tauri. Cinya ta fi ƙirji dacewa saboda tana da ɗan kitse, ko ta ɗan wuce lokaci a wuta ba ta bushewa. Ƙirjin ma yana yi, sai dai yana son a lallaɓa shi, zan zo kan wannan.

Taliya

Asalin taliyar cau min siririya ce, ta fulawa da ƙwai, kuma ana kwaɓa ta da ruwan wani sinadari ɗan'uwan kanwa. Shi ke sa ta yi rawaya, ta yi danƙo a haƙori, ta ƙi narkewa a kasko. In kin ga taliyar ƙwai ta Sinawa a kanti, ita ce ta farko. In babu, kina da hanya uku.

Ta farko sufageti siriri. Ki zuba bakin soda ƙaramin cokali 2 a kowace lita ɗaya ta ruwan dahuwa. Ki yi amfani da tukunya mai zurfi, domin da zarar taliyar ta shiga ruwan zai yi kumfa ya taso. Za ki ga launinta ya ƙara rawaya, ta kuma yi danƙo irin na Sinawa. Ruwan kanwa ma na yin wannan aiki, amma ƙarfin kanwa ba ɗaya ba ne daga wannan dunƙule zuwa wancan, in ta yi yawa ɗaci za ki ji, don haka na fi son bakin soda da ake iya aunawa. Ta biyu taliyar leda irin su Indomie, ƙunshi 3 ƙanana, ki ajiye garin ɗanɗanon da ke ciki don wata rana. Ta uku taliyar murji ta gida. Tana da daɗi, amma tana saurin laushi, sai kin tsaya a kanta.

Kowace kika zaɓa, ki sauke ta saura minti ɗaya ta nuna. Ki ciro sili ɗaya ki gutsura, in akwai ɗan tauri a tsakiya, lokaci ya yi. Ki juye a gwagwa, ki sakar mata ruwan sanyi kina yamutsawa da hannu har ta huce gaba ɗaya kuma santsin sitacin ya fita. Ki girgiza gwagwar sosai, ki zuba mai ƙaramin cokali ɗaya ki cuɗa, sannan ki baza ta a faffaɗan tire. Ki bar ta ta sha iska minti 10 zuwa 15, a ƙarƙashin fanka in da wuta. Wannan shanyar ita mutane suka fi tsallakewa, alhali ita ce rabin nasarar. Taliyar da ta fito daga gwagwa tana ɗiga, in ta shiga kasko turara kanta za ta yi, ba suya ba. Ki taɓa ta kafin ki kunna wuta: ya kamata ta ɗan kama yatsa amma kada ta jiƙa shi.

Naman, da yadda ake sa shi taushi

Bayan kin wanke kazar ki tsane ta da tsumma mai tsabta ko takardar kicin har ta bushe. Ki cire fata da ƙashi, amma kada ki zubar da ƙashin. Ki jefa shi a ƙaramar tukunya da ruwa kofi ɗaya da ɗan yankin citta, ya yi ta tafasa a gefe, romon nan za ki buƙace shi.

Ki duba tsokar da kyau, za ki ga zarenta ya miƙe ta fuska ɗaya. Ki yanka a gicciye, ki datse zaren, kada ki bi shi. Kaurin kowane yanki kada ya wuce rabin santimita, tsawonsa kamar gaɓa biyu ta yatsa. In naman na sulɓewa a ƙarƙashin wuƙa, ki sa shi a firiza minti 15 ya ɗan sandare, zai yanku yadda kike so. Katakon da kika yanka ɗanyar kaza a kai da wuƙar, ki wanke su da sabulu kafin kabeji ya hau.

Yanzu ki zuba naman a kwano, ki sa soya sos, wato baƙin ruwan ɗanɗano da ake yi da waken soya, babban cokali ɗaya, ruwa babban cokali ɗaya, da ɗan farin masoro. Ki murza da yatsu har naman ya shanye ruwan ya fara yauƙi. Sai ki barbaɗa sitacin masara, wanda ake sayarwa da sunan konfulawa, ƙaramin cokali 2, ki sake cuɗawa. A ƙarshe ki zuba mai ƙaramin cokali ɗaya. Jerin yana da dalili: ruwan ya shiga naman, sitacin ya rufe shi ya hana ruwan fita a wuta, man kuma ya hana yankan mannewa da juna. Sitacin rogo ma yana yi. In ƙirji kike amfani da shi, ki ƙara bakin soda kwatan ƙaramin cokali tun farko. Kwata fa, kada hannu ya zarce, in ya wuce haka naman zai yi ɗanɗanon sabulu. Ki ajiye shi minti 15 zuwa 20. Wannan shi ne sirrin taushin naman gidajen abincin Sinawa da mutane ke mamaki.

Sinawa na zuba giyar shinkafa ta Shaoxing a wannan mataki da kuma cikin sos. Mu ba ruwanmu da ita, kuma girkin bai rasa komai ba in kika maye gurbinta da romon kaza da ɗan ruwan khal. Amma ki riƙa karanta bayan kwalba, musamman haɗaɗɗun sos da ake sayarwa an riga an gauraya, wasunsu da giya a ciki.

Haɗin sos

A ƙaramin kofi ki haɗa soya sos mara duhu babban cokali ɗaya da rabi, soya sos mai duhu ƙaramin cokali 2, oista sos babban cokali ɗaya da rabi, sukari ƙaramin cokali ɗaya, ruwan khal ƙaramin cokali ɗaya, farin masoro rabin ƙaramin cokali, da romon kaza babban cokali 3. Ki juya har sukarin ya narke.

Soya sos iri biyun nan aikinsu daban. Mara duhun shi ne mai gishiri da ɗanɗano. Mai duhun ya fi kauri, ɗan zaƙi gare shi, kuma don launi ake sa shi. In iri ɗaya kika samu, ki yi da shi, taliyar za ta fito da haske amma daɗin na nan. Kuskuren shi ne a yi ta ƙara mara duhun ana neman launi, sai gishiri ya kashe girkin. Oista sos kuwa daga wata halittar teku mai ƙoƙo ake tatso shi, kuma shi ke ba taliyar wannan nauyin ɗanɗano da sheƙi. Kamfanin Lee Kum Kee, wanda aka kafa a Guangdong a 1888, da shi ya yi suna. Wanda jikinsa ba ya karɓar irin waɗannan halittun teku, akwai na naman kaza, wato lemar kwaɗi da ake ci, yana maye gurbinsa.

Kada ki sa gishiri, kada ki sa dunƙulen magi. Babban cokali ɗaya na soya sos na ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kusan miligiram 900, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya kai 2,000 a yini. Mai hawan jini a gida, a rage masa sos ɗin a ƙara citta da lawashi. Kori da tayim ma ki ɗaga musu ƙafa yau. Na san hannu ya saba, amma da zarar sun shiga, jalof ɗin taliya kika yi, mai daɗi kuwa, sai dai ba shi muka fito nema ba.

Kayan lambun duk ki yanka su dogaye sirara, su yi kama da taliyar, don su nuna tare kuma cokali mai yatsu ya kwaso su tare. Karas kamar tsinken ashana, kabeji kamar faɗin ƙaramin yatsa, albasa a tsaye. Lawashi ki raba farin gindin da koren ganyen, ki yanka tsawon yatsa. Tafarnuwa da citta ki daddatsa da wuƙa, kada ki markaɗa, markaɗaɗɗe ruwa ne kuma nan da nan yake ƙonewa. In kin wanke kabeji ki baza shi ya tsane shi ma.

Kasko da wuta

Sinawa na suya a wok, kasko mai zurfi da gindi zagaye, na baƙin ƙarfe mara kauri. Ƙirarsa ɗaya da kaskon mai ƙosai, kuma in kina da irin wannan a gida, kin huta da sayen wani. Murhun gidan abincinsu na fitar da wuta ninkin-ba-ninkin na gas ɗin gida, daga nan ƙamshin wutar nan yake fitowa. Ba za ki kamo su ba, amma za ki matso kusa ta hanya biyu: ki bar kaskon ya yi zafi na gaske, kuma kada ki cika shi. A kan gas mai ƙaramin kai, faffaɗan kaskon suya mai shimfiɗaɗɗen gindi ya fi wok amfani, don ya fi taɓa wuta. Kurfoti da gawayi ya ruru sosai kuwa ya fi gas ɗin gida da yawa zafi, in za ki iya da shi a tsakar gida. Kaskon da aka shafe cikinsa don kada abinci ya kama, ba a barinsa a wuta babu komai har ya yi hayaƙi, shafen lalacewa yake yi. In shi kaɗai gare ki, ki tsaya a matsakaiciyar wuta ki ƙara raba suyar kashi-kashi.

Kafin ki kunna ashana ki jera komai a gefen murhu bisa yadda zai shiga: mai, nama, tafarnuwa da citta, kayan lambu, taliya, sos, lawashi, da faranti wanda za ki kwashe nama a ciki. Daga nan ba zuwa ɗauko wani abu, ba amsa sallama. Ki buɗe taga.

Ki ɗora kaskon babu komai a wuta mafi ƙarfi. Ki yarfa ɗigon ruwa, in ya tsaya yana tafasa a wuri ɗaya da saura, in ya dunƙule yana gudu a kan ƙarfen ko ya ɓace nan take, ya yi. Ki zuba mai babban cokali ɗaya da rabi, ki juya kaskon ya shafi gefe. Ki zuba naman ki baza shi, kowane yanki ya taɓa ƙarfe, sannan ki janye hannunki. Minti ɗaya cur kada ki taɓa. Za ki ji ƙarar suya mai kaifi, ki ga gefen yankan na komawa fari yana hawowa sama. In kika yi garajen juyawa, sitacin zai manne a kasko ya bar naman tsirara. Da kansa zai saki ƙarfen in ƙasansa ya yi ja. Sai ki juya, ki ƙara minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ki kwashe a faranti. Ki tsaga yanki mafi kauri ki duba, in da ɗan alamar ja kaɗan ba komai, zai koma wuta, amma a ƙarshe dole cikinsa ya zama fari gaba ɗaya. Mai ma'aunin zafi, digiri 74 na Celsius ake nema.

In wani abu ya kama a gindin kaskon ki kankare ki goge, ki bar shi ya sake ɗaukar zafi. Mai babban cokali ɗaya, sai tafarnuwa da citta da farin lawashi. Daƙiƙa 10 zuwa 15 kawai, da ƙamshi ya bugi hancinki ki zuba albasa da karas, su ne za su sauke zafin su ceci tafarnuwar daga ƙonewa. Ki juya rabin minti, ki zuba kabeji, ki ƙara minti ɗaya. Kabejin ya ɗan russuna, wasu gefuna su yi dabbare-dabbaren ja, amma kada ya saki ruwa. Ki kwashe a kan naman.

Masu murhu mai ƙarfi ba sa kwashe kayan lambu, a kai suke zuba taliya. A gida na fi son taliyar ta samu kaskon ita kaɗai. Ki sa sauran man, ki jira ya fara hayaƙi kaɗan, ki baza taliyar har gefen kasko. Ki bar ta kamar daƙiƙa 45, ki juya, ki sake bazawa, ki sake bari. Sau biyu ko uku haka. Za ki ga wasu silin sun yi ja suna ƙamas, ƙamshin ya sauya daga na dafaffen fulawa zuwa na gasasshe. Da cokula biyu masu yatsu ko sanduna biyu ake ɗaga ta ana warwarewa. Ludayi yanka ta yake yi.

Yanzu sos. Ki sake juya shi a kofin, sannan ki kwarara shi a jikin kaskon ta gefe, ya gangaro yana tafasa kafin ya iso taliyar. Wannan ɗan ƙonewar da soya sos ke yi a kan ƙarfe mai zafi na cikin abin da ke ba da ƙamshin gidan abinci. In kika juye shi a tsakiya, taliyar ce za ta shanye shi ɗanye. Ki ɗaga ki juya da sauri har launin ya game ko'ina, babu fari babu baƙi. Ki mayar da nama da kayan lambu. Ruwan da ya taru a farantin, in kaɗan ne ki haɗa da shi, in ya yi yawa ki rage. Ki zuba tsiron wake da koren lawashi, ki juya minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tsiron ya ratsu da zafi sosai, ɗanyensa na iya ɗaukar ƙwayoyin cuta. Ki ja taliyar gefe ki leƙa gindin kasko: mai kaɗan za ki gani, ba ruwa ba. In da ruwa, ƙara rabin minti a baje.

Ki kashe wuta, sannan ki ɗiga man riɗi ƙaramin cokali ɗaya. Na Sinawa daga soyayyen riɗi ake tatsarsa, launinsa ja-ja, kuma don ƙamshi ake sa shi, ba a suya da shi. Man ɗanyen riɗi ba shi da wannan ƙamshi. In shi ne a hannunki, gara ki soya riɗi cokali ɗaya a busasshen kasko, ki ɗan daka, ki barbaɗa. Abin dariya, riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai na cikin wanda ake lodawa zuwa ƙasar Sin, mu kuma mu sayo 'yar kwalbar mansa da tsada.

Ki ɗanɗana kafin ki juye. In gishiri ya yi ƙasa, 'yan ɗigon soya sos. In ya yi yawa, matsin lemun tsami da ƙarin kabeji da aka ɗan soya daban za su sassauta shi.

In mutanen gidan da yawa

Nan ne aka fi faɗawa rami. Gida mai mutum takwas, sai a ninka komai sau uku a juye a kasko ɗaya, zafin ya mutu, a koma dahuwa. Ki yi shirin gaba ɗaya, nama da sos da yanke-yanke, amma suyar ki yi ta zagaye-zagaye, kowane zagaye taliyar da ba ta wuce awon da na bayar ba. Naman za ki iya soye shi duka tun farko kashi biyu ko uku, haka kayan lambu, sai ya rage taliya da sos kawai, minti 3 kowane zagaye. Ki raba sos ɗin a kofuna tun kafin ki fara, don kada na farko ya kwashe rabon na ƙarshe. Yara su fara ci, ba a jiran kowa da wannan abinci, da zafinsa ake cinsa.

Mutanen Guangdong ba su cika sa yaji a girki ba, a gefe suke ajiye man barkono kowa ya ɗiba. Wannan tsari ya dace da gidan da wani ke son attaruhu wani ba ya so. Ki zuba dakakken busasshen barkono babban cokali 2 da ɗan gishiri da riɗi a kwanon ƙarfe ko tangaran, ki ɗumama man gyaɗa kwatan kofi har in kin jefa ƙwayar barkono ta yi kumfa a hankali ba ta yi baƙi ba, sai ki kwarara a kai. Wanda kuma ya nace sai ɗanyen attaruhu, a yanka rabi siriri a jefa tare da tafarnuwa, amma a shirya wa tari, don hayaƙinsa a kasko mai wannan zafi ba ya barin kowa a kicin.

Abin da ya rage kada ya wuce awa 2 a waje, lokacin bazara kuwa awa ɗaya, ki rufe ki sa a firji. Washegari ki ɗumama shi a kasko mai zafi da ɗan mai da cokali ɗaya na ruwa, kina warwarewa har tururi ya ratsa ko'ina. In za ki fasa ƙwai a kai, ki tura taliyar gefe, ki soya ƙwan a wurin da ya buɗe har ya kama jikinsa, sannan ki haɗe su.